Ɗaga Mota da Tokare Ta: Hattara ga Mai Juyen Baƙin Mai a Gida

Gabatarwa



Mai yiwuwa wani ya yi mamakin yadda maganar ɗaga mota da shiga ƙarƙashinta ta sami wuri a zauren jami'a, tun da yake bisa al'ada kanikawa aka bar wa irin wannan batu. Dalili kuwa shi ne aikin ya fara fita daga gareji yana shiga gidaje. Tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin riƙe mota ya yi wa mai albashi nauyi ƙwarai. Ga kuma tsoron jabun baƙin mai, wanda ya sa mutum yakan fi son ya sayo galan da hannunsa, ya ga an ɓalle hatiminsa a gabansa. Daga nan sai zuciya ta raya masa cewa juye ai ba wani abu ba ne illa a kwance noti ɗaya, a tsiyaye tsohon mai, a sake filta, a zuba sabo, don me zai biya wani?

Gaskiya ne juyen kansa ba shi da wuya. Inda wuyar take, kuma inda rai yake shiga hatsari, shi ne wajen ɗaga motar da kuma abin da zai riƙe ta yayin da mutum yake kwance a ƙarƙashinta. Saboda haka maganar wannan lacca guda ɗaya ce: jak ɗagawa yake yi, riƙewa kuwa aikin matokari ne, kuma ba ya halatta wani sashe na jikin mutum ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita. Sauran bayanan da za su biyo baya sharhi ne a kan wannan magana.

Daga Fijo zuwa gajerun motoci

Mota ta shigo ƙasar Katsina ne a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Motocin da aka daɗe ana hawa a wannan yanki masu tsayin ƙafa ne, domin hanyoyin da suke bi na burji ne da rairayi. Ko a bayan da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, Fijo 504 ta zama motar ma'aikaci, ana iya cewa tsarin bai sake ba sosai. Cikinta ya yi nesa da ƙasa gwargwado, har siririn yaron gareji yakan iya zura hannu ya kai ga notin mai ba tare da an ɗaga ta ba.

Daga baya sai tsofaffin motocin Turai da Amurka da Japan suka cika kasuwa, da yawansu ta tashar Kwatano, suna biyowa ta Maraɗi da Jibiya, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a farkon 2017. Waɗannan motoci an ƙera su ne domin shimfiɗaɗɗun tituna. An dusar da su ƙasa da gangan, domin motar da nauyinta ya kusanci ƙasa ta fi zama daram a kan kwana, kuma iska ba ta cika tare ta ba in tana gudu. Motocin tsere su ne suka kai maƙura a wannan fanni, kuma ko da yake ba su da yawa a titunan Katsina, ƙanensu suna nan birjik: Honda, Marsandi, BMW da makamantansu. Tsakanin cikin irin waɗannan motoci da ƙasa bai cika wuce santimita 10 zuwa 15 ba. Duk wanda ya taɓa jin cikin motarsa ya kartu a kan tudun rage gudu a hanyar Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya ya san abin da ake nufi.

Wannan gajarta ta haifar da matsala biyu. Ta farko, mutum ba zai iya kai hannu ga notin mai ba sai an ɗaga motar. Ta biyu kuwa, wadda ta fi muni, in motar ta faɗo babu sararin da zai rage wa wanda ke ƙasa. Kaurin ƙirjin baligi ya haura santimita 20, sararin da ke ƙarƙashin motar kuwa bai kai haka ba ko da tayoyinta duka suna jikinta. Ƙaramar mota tana da nauyin kilo 1,200 zuwa 1,500, kuma a mafi yawansu kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin yana gaba ne inda inji yake, watau daidai wurin da mai juye yake kwanciya. Wanda kilo 800 ya danne wa ƙirji ba ya iya jan numfashi, ba ya kuma iya ɗaga murya ya nemi taimako, kuma 'yan mintoci kaɗan sun isa.

Yadda jak yake aiki

Kalmar jak ta aro ce daga Ingilishi, kamar yadda birki da giya da sifana suke. Bahaushe ya karɓi kalmar ya kuma karɓi kayan, amma sau da yawa gargaɗin da ke tafe da kayan ya tsaya a cikin littafin mota, da harshen da mai motar bai damu da karantawa ba, in ma littafin ya iso tare da motar ke nan.

Jak iri uku ne aka fi gani a nan. Akwai mai kamar almakashi, wanda yake zuwa tare da mota, ana murza shi da hannu. An yi shi ne domin sake taya a bakin hanya, aikin da ba ya bukatar kowa ya shiga ƙarƙashi. Gindinsa siriri ne, kuma ɗan turi kaɗan daga gefe ya isa ya kayar da shi. Akwai mai kamar kwalba, wanda direbobin manyan motoci suka fi amfani da shi. Yana da ƙarfi, sai dai tsawonsa ya hana shi shiga ƙarƙashin gajeriyar mota. Sa'an nan akwai mai tayoyi da dogon hannu, wanda ake gani a gareji.

Na biyun da na ukun da ƙarfin mai suke aiki. Asalin hikimar daga wani masani Bafaranshe ne, Blaise Pascal, wanda ya bayyana a tsakiyar ƙarni na 17 cewa in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yakan watsu daidai wa daida ta kowace fuska. A 1795 wani Bature a Ingila mai suna Joseph Bramah ya ƙera injin matsa kaya bisa wannan ƙa'ida, kuma a 1851 Richard Dudgeon ya yi rajistar jak mai aiki da ruwa wanda ake iya ɗauka a hannu a Amurka. A taƙaice, hannun mutum yana tura ɗan ƙaramin fistin, shi kuma yana tura mai zuwa ƙarƙashin babban fistin, ta haka ƙarfin da bai wuce na ɗaukar bokitin ruwa ba sai ya ɗaga tan guda.

Abin lura a nan shi ne me ke riƙe da wannan tan bayan an saki hannu. Ba kome ba ne illa man da aka kulle, kuma abin da ya kulle shi ɗan ƙwallon ƙarfe ne wanda bai fi ƙwayar wake ba, da wasu zobban roba. Robar takan bushe ta tsage saboda zafi da daɗewa. Ƙwayar yashi ɗaya daga ƙurar hunturu in ta shiga mazaunin ƙwallon, mai zai riƙa komawa baya. Wani lokaci motar takan sauka a hankali har ba a lura ba, wani lokaci kuwa gaba ɗaya. Bugu da ƙari, ƙafar yaro in ta taɓa hannun jak ɗin tana iya buɗe makullin saukarwa. A 1998 hukumar kula da kiyaye haɗurran hanyoyi ta Amurka ta fitar da ƙiyasin cewa a cikin shekara ɗaya kimanin mutum 4,800 aka kai sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunukan da suka samu sakamakon kuɓucewar jak. Wannan fa a ƙasar da akasarin masu gyara suke aiki a kan daɓen kankare ke nan.

Ƙasar da za a yi aiki a kai

Kafin a yi maganar kayan aiki, wajibi ne a duba ƙasa, domin a kanta kome zai tsaya. A unguwanni da yawa na birnin Katsina ƙofar gida rairayi ce. Rairayi kuwa ba ya riƙe siririn gindi. Jak yakan nutse ta gefe ɗaya, ya karkace, mota ta zame. Da damina jar ƙasa takan yi kama da mai tauri a sama alhali ƙarƙashinta ya jiƙe. Kwalta ma ba abin dogaro ba ce da bazara, domin a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, takan yi laushi har ƙafar ƙarfe ta lotsa ta. Akwai kuma wani tarko da ke cikin gidajen zamani, watau murfin ramin sokawe. A ido daɓe ne kamar kowane daɓe, amma ƙarƙashinsa fanko ne, kuma ba a zuba shi domin ɗaukar nauyin mota a ɗan ƙaramin wuri ba.

Har ila yau, jak mai tayoyi yana da wata ɗabi'a da mutane da yawa ba su sani ba. Hannunsa ba ya tashi tsaye sak, lanƙwasowa yake yi kamar baka, saboda haka dole jak ɗin ya riƙa gangarawa ciki kaɗan-kaɗan yayin da motar take tashi. In tayoyinsa suka maƙale a yashi ko a tsagar daɓe, to, motar ce za ta jawu zuwa gare shi, ko kuwa kansa ya zame daga inda aka kafa shi.

Abin da ake bukata shi ne daɓen kankare mai kauri, wanda yake a shimfiɗe ba gangare, an share shi babu tsakuwa babu maiƙo. Wanda ba shi da irin wannan wuri a gidansa, ya nemi aron na maƙwabci, ko ya haƙura da aikin.

Bulo da sauran abubuwan da ba su dace ba

Ana yawan ganin mota a ɗore a kan bulon siminti, har ido ya saba, aka ɗauka daidai ne. Hujjar da akan kawo ita ce bulo yana ɗaukar bene, ina ga mota. Amma a jikin gini nauyi a baje yake a kan fuskar bulon duka, kuma siminti ya haɗa shi da 'yan'uwansa. A ƙarƙashin mota kuwa, kilo ɗari huɗu ko fiye yakan taru a kan bakin ƙarfen da bai fi faɗin yatsa ba. Bulo cikinsa rami ne, kuma sananne ne cewa wasu masu buga shi sukan yawaita yashi su rage siminti. Daɗin daɗawa, ba ya ba da sanarwa. Katako in zai karye yakan yi ƙara, ƙarfe yakan lanƙwashe tukuna, amma bulo wargajewa yake yi farat ɗaya. Haka nan tubali da duwatsun da aka ɗora wani kan wani, da turmi, da tsohon wili da aka tsayar a kan gefensa, duk hukuncinsu ɗaya ne.

Hanya ta farko: matakalar katako

Ga mai gajeriyar mota wanda juye kawai yake son yi, hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi aminci ita ce kada ya yi amfani da jak ko kaɗan. Ya hau da tayoyin gaba a kan matakala. Matakalar ƙarfe da ake sayarwa takan yi tsayi da sauri, bambar gajeriyar mota takan tokare ta kafin taya ta taɓa ta. Amma kowane kafinta a Katsina yana iya yin wadda ta dace.

A sami katako mai ƙwari, marar tsaga kuma wanda gara ba ta taɓa ba, mai kaurin inci 2 da faɗin inci 12, domin ya fi tayar faɗi. A yanka falle huɗu: na ƙasa santimita 150, na bisansa 120, sai 90, sai 60. A jera su a kwance wani kan wani, ƙarshensu na gaba ya daidaita, ta yadda ta baya za su zama hawa-hawa kamar matakalar soro. A ɗaure su da dogayen kusoshi masu murɗi, a fere bakin kowane hawa domin taya ta hau da sauƙi, sa'an nan a kafa wani guntun katako a can ƙarshen na sama domin ya tare taya kada ta zarce. Biyu za a yi, iri ɗaya. Irin wannan matakala tana ɗaga gaban mota kimanin santimita 20, kuma da yake katako ne cur tun daga ƙasa har sama, ba ta da ramin da zai rufta.

Wajen hawa, a miƙar da sitiyari, a saka matakalun daidai tsakiyar tayoyi, a shimfiɗa tsohuwar roba a ƙarƙashinsu domin kada su zame. A hau a hankali da giya ta ɗaya. Mai nuna hanya ya tsaya a gefe, kada ya tsaya a gaban motar. Da an kai saman, sai a ja birkin hannu, a kashe inji, a cire mabuɗi, a sa weji a bayan tayoyin baya.

Hanya ta biyu: jak da matokarai

Idan aikin ya ƙunshi cire taya, ko ana bukatar sarari fiye da wanda matakala ta bayar, sai a koma ga jak mai tayoyi tare da matokaran ƙarfe. Matokari wata ƙafa ce ta ƙarfe mai faɗin gindi, da sanda a tsakiya wadda ake ɗagawa a kulle. Ba shi da mai, ba shi da roba, ƙarfe ne a kan ƙarfe. A kan jikinsa akan rubuta nauyin da yake ɗauka, kuma sau da yawa lissafin na guda biyu ne a haɗe. Mai tan 2 ko 3 ya wadaci ƙaramar mota. Wanda ake kullewa da ƙusa mai ratsa sandar ya fi mai haƙori kaɗai aminci. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai masu haƙori fiye da miliyan ɗaya da rabi daga hannun jama'a, saboda an gano harshen da ke kama haƙorin yana iya suɓucewa. Darasin da ke ciki shi ne ko kayan kanti sai an duba su. Wanda maƙeri ko mai walda ya haɗa daga ragowar ƙarfe kuwa, babu mai iya faɗin nauyin da zai ɗauka, kuma araha ba ta ado.

Ga yadda aikin yake bi da bi.

Da fari a hana motar motsi. A nan akwai abin da ya kamata a fahimta. Birkin hannu tayoyin baya yake kamawa. Giya kuwa, ko harafin P a mota mai sarrafa giyarta da kanta, tayoyin da inji ke juyawa take kullewa. A mafi yawan Honda da Toyota tayoyin gaba ne ke ja, saboda haka da zarar gaba ya bar ƙasa, giya ba ta riƙe kome. A Marsandi da BMW da akasarin motocin tsere kuwa na baya ne ke ja, don haka in baya aka ɗaga, birkin hannu da giya duka sun tashi aiki. Maganin wannan shi ne weji, irin wanda karen mota yake sa wa babbar mota a kan gangare. A sa shi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa.

Na biyu, a samar wa jak hanyar shiga. Jak na gama-gari yana bukatar sararin santimita 13 ko fiye, gajeriyar mota kuwa ba ta da shi. Akwai jak mai kwantaccen kai wanda aka yi domin irin waɗannan motoci. Wanda ba shi da shi, ya hau da tayoyin gaba a kan falle ɗaya na katako mai kaurin inci 2, sai sarari ya samu.

Na uku, a san inda za a kafa shi. Motocin yanzu ba su da shasi dabam kamar na a-kori-kura. Bodin ne gaba ɗaya yake ɗauke da kansa, kuma wurare kaɗan ne aka ƙarfafa domin ɗagawa. A ƙarƙashin ƙofofi akwai wani siririn bakin ƙarfe da ya bi tsawon motar, inda aka haɗa falle-falle aka yi musu walda. A bayan tayar gaba da gaban tayar baya akan ga 'yar tsaga biyu ko alamar kibiya a jikinsa. Nan ne mazaunin. Wasu motocin suna da wani mazauni a tsakiya, a jikin ƙarfen da ke ɗauke da inji, wanda ke ɗaga gaba duka a lokaci ɗaya. Littafin motar ne yake nuna su, kuma ana samun irin waɗannan littattafai a intanet. Kada a kafa jak a kaskon baƙin mai, ko ƙarƙashin lagireto, ko salansa, ko daɓen da ƙafafun fasinja suke takawa. A sa guntun roba mai kauri ko katako mai tsaga tsakanin jak da bakin ƙarfen domin kada ya lanƙwashe. Motar da ta yi shekaru a ƙasashen da ake zuba wa tituna gishiri saboda ƙanƙara, a duba ta da kyau, domin tsatsa takan cinye waɗannan wurare ta ciki.

Na huɗu, a ɗaga a hankali, ana duban yadda jak yake gangarawa. Da an kai tsayin da ake so, a tura matokarai biyu, dama da hagu, a tsayi ɗaya, ba tare da kai ko kafaɗa sun shiga ƙarƙashi ba. Sa'an nan a sassauta jak sannu-sannu har nauyin ya sauka a kansu. A duba ko ƙafafun kowane matokari duka suna taka ƙasa.

Na biyar, a jarraba. A dafa motar da hannu biyu a girgiza ta da ƙarfi, gaba da baya, dama da hagu. Gara ta faɗi a wannan lokaci, in ma za ta faɗi. In ta yi ko ɗan motsi, a sake aikin daga farko. Bayan haka a maido da jak ya taɓa mazauninsa ba tare da ya ɗauki nauyi ba, a kuma kwantar da safaya ko tayar da aka cire a ƙarƙashin gefen motar, domin in ɗaya ya ci amana ɗaya ya tare.

A ƙarƙashin motar

A ɗauka ga wani ma'aikaci ranar Asabar da hantsi. Ya ɗaga motarsa da jak mai almakashi a ƙofar gida, ya ce ai minti biyar ne. Ya shiga, sai ya tarar bakaniken da ya yi juyen baya ya ɗaure notin tamau. Ya sa sifana ya ja bai motsa ba, sai ya tokare ƙafa ya ja da iyakar ƙarfinsa. Wannan jan daga gefe yake zuwa, watau ta fuskar da jak ɗin ya fi rauni. Haɗurran irin wannan aiki sukan auku a daidai wannan gaɓa, kuma su ne dalilin girgizawar da aka ambata a baya. Notin mai ba ya bukatar ɗauri mai tsanani. A ɗaure shi daidai, a sake masa wasa sabuwa, a shafa wa robar sabuwar filta ɗan mai a murɗa ta da hannu kawai.

Akwai wasu ƙa'idoji kuma. A ɗuma inji na 'yan mintoci domin mai ya saki, amma in daga tafiya aka dawo a jira ya huce, domin zafin man inji yakan kai kusan digiri 100, daidai da tafasasshen ruwa. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ke kisa ba tare da wari ba. Kada a shiga da babbar riga ko doguwar taguwa. Kada kowa ya zauna cikin motar, ko ya jingina da ita, ko ya buɗe ƙofa ya rufe. A kawar da yara da dabbobi. Kada a yi aikin a kaɗaice. A sami baligi a kusa wanda ya san yadda ake sarrafa jak, kuma jak ɗin ya kasance a inda hannunsa zai kai. In tsautsayi ya auku, a ɗaga motar da gaggawa, a janye mutumin a hankali ba tare da lanƙwasa wuyansa ko bayansa ba, a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, domin raunin ciki ba ya nunawa nan take.

Wajen saukarwa a bi matakan nan a juye: a tabbatar babu mutum ko kaya a ƙasa, a ɗaga kaɗan, a janye matokarai, a sauke a hankali, weji ne na ƙarshen fita. Ba a auna mai sai mota ta daidaita a ƙasa. Tsohon man kuwa, lita 4 ko 5 ɗin nan, a ɗura shi a galan a kai wa masu saye ko kanikawa. Kada a zuba shi a kwata ko a rami, domin a garin da gidaje da yawa suka dogara da rijiya da burtsatse, abin da aka zuba a ƙasa yana iya komowa cikin randa. A kuma wanke hannu da sabulu, domin yawan cuɗanyar fata da tsohon mai yana da illa.

Ya kamata a ambaci cewa wasu motocin, musamman Marsandi da BMW da yawa, filtarsu a sama take. Waɗansu daga cikinsu ana iya zuƙe musu mai da ɗan famfo ta bututun sandar awo, ba tare da an ɗaga su ko kaɗan ba.

Kammalawa

Bahaushe yakan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma sau da yawa da wannan magana ake rufe bakin mai gargaɗi. Amma shi dai Bahaushen ne ya ce rigakafi ya fi magani, kuma malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa. Kuɗin matokarai biyu ko na katakon matakala sau ɗaya ake biyansa, kayan kuma su yi shekaru suna aiki. Wanda ba shi da su, ko ba shi da daɓen da ya dace, ya kai motarsa garejin da ke da rami, ya riƙe galan ɗinsa ya tsaya a kai har a gama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma hakki a kan masu ilimi. Yaran gareji da ake turawa ƙarƙashin motocin ma'aikata 'ya'yan wasu ne, kuma ba su da bakin da za su ƙi. Mai mota yana da ikon cewa ba za a shiga ƙarƙashin tasa ba sai an tokare ta, kuma in masu motoci suka riƙa faɗin haka, masu gareji za su tanadi kayan. Haka nan ɗaliban harshe suna da aikin yi wajen mayar da irin waɗannan gargaɗi cikin Hausa mai sauƙi, a rubuce da kuma ta rediyo, domin su kai ga waɗanda ba su karanta littafin mota. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyashe mu da tsautsayi da asara.